Shaidar Uwar Miji

Uisong, 19 ga Oktoba

Hyangsuk 'yata,

Kina lafiya? Yaya mijinki, yaya tsofaffin da kike jinya? Sanyi ya fara a Osaka? Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu ita ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Kunnen kuwa sai abin da ya ƙaru, don haka ki daina wahalar da kanki da waya, ke kina ihu ni ina cewa to, to. Malamar ajinmu na koyon karatu a zauren ƙauye ta ce rubutuna ya gyaru. In kin ga kuskure ki haɗiye, uwarki ba ta riƙe fensir ba sai da ta shekara sittin da takwas.

Jiya muka gama shuka tafarnuwa, daga ni sai yayanki Chunbae. Za ki ce ina matarsa. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan.

Cikin Kunthea ya zube, wata biyar. Yau mako uku. Ta faɗi ne a matakala. Matakalar nan da kika sani, wadda ni ma na sha faɗuwa a kanta zamanin babanku. Ni na kai ta asibiti, ni na yi wa likita bayani, don ita bakinta ya kulle. Da yarenmu da na ƙasarsu Kambodiya babu wanda ya fito. Kwana huɗu aka riƙe ta. An ce namiji ne.

Da muka dawo na dafa mata miyar ganyen teku irin ta masu jego, ta sha. Ranar kasuwa ta ce za ta sayo magani, ta hau motar ƙarfe tara na safe. Ba ta dawo ba. Takalmin gonarta na nan bakin ƙofa, sai da ta wanke shi kafin ta tafi.

Chunbae ya je wurin 'yan sanda ya rubuta cewa ta gudu. Matan zaure suna cewa ai haka matan ƙetare suke, shekara huɗu ta ci ta ƙoshi, ta iya yare, yanzu sai birni. Benci ɗaya muke zama da yarinyar nan a aji, in harafi ya ƙi ni ita ke kama hannuna ta ja.

Ki riƙa cin abinci mai zafi.

Uwarki

Osaka, 2 ga Nuwamba

Omma,

Wasiƙarki ta zo, na karanta a tsaye bakin ƙofa ko takalmi ban cire ba. Muna lafiya. Na sa miki maganin liƙawa a gwiwa cikin kwalin nan, ki yi amfani da shi, kada ki raba wa matan zaure kamar na bara.

Na yi kuka saboda jaririn. Oppa, yayan nawa, ya kusa hamsin, na san yadda ya ƙwallafa rai. Yana cin abinci kuwa? Ki ce masa ina gaishe shi, kada ya koma wa kwalba.

Kunthea kam ta ba ni mamaki. Sau biyu na gan ta, na ɗauka mai hankali ce. Na san ɓari yana taɓa mace, amma a bar tsohuwa mai shekara saba'in da biyar da gona a tsakiyar shuka, ko sallama babu? Ni ma baƙuwa ce a ƙasar mutane, shekara sha tara ke nan. Katin izinin zamana na farko da sunan mijina aka ba ni shi. Na sha wuya, amma ban taɓa tattara kaya na ɓace ba.

Matakalar kuwa, ki sa Oppa ya kafa mata mariƙi na ƙarfe kafin ƙanƙara ta zo. Kada ke ma ki faɗi.

Hyangsuk

21 ga Nuwamba

Agassi, ƙanwar mijina,

Ni ce Kunthea. Ina gaishe ki da girmamawa. Ina fatan jikinki lafiya. Nawa yana warkewa, jinin ya tsaya. Adireshinki na samu a ambulan ɗin katin sabuwar shekara da kika aiko, na ɓoye shi. Ba a yarda in faɗi inda nake ba. Gidan mafaka ne na matan aure baƙi. Wata tafinta 'yar ƙasarmu ce ke gyara mini kalmomin da ban iya ba. In za ki ba ni amsa, ki aika ofishin da ke bayan ambulan.

Ban faɗi a matakala ba.

Muna cikin rumbu da rana muna ɓare irin tafarnuwa. Na ce wa mijina katin zamana ya kusa ƙarewa, tunda ga ciki, ya raka ni in nemi zama 'yar ƙasa. Shekara biyu ina roƙonsa. Kullum amsarsa ɗaya: “Ranar da kika samu, ranar za ki gudu.” Ran nan ya sha giya. Ya ce wa ya sani ko cikin ma nasa ne. Na ce ya ji kunya. Sai ya tashi. Na faɗi ƙasa, ya sa ƙafa. Ba ranar ya fara ba, amma ranar ce ya fara taɓa cikin.

Omoni, uwar mijina, tana bakin ƙofar rumbu da tiren abinci a hannunta. Ta gani.

Lauyar gidan nan ta shigar da ƙarar rabuwar aure. Ta ce muddin shari'a na gudana za a ƙara mini kwanaki, ba za a kore ni ba. Bayan nan, in kotu ta ce laifin mutuwar auren na miji ne, doka ta ba ni damar zama da katina ni kaɗai. In ba a tabbatar ba, tunda babu ɗa, sai in fita. Ta tambaye ni hoto, babu, ya fasa wayata tun bazara. Ta karɓo takardar asibiti, an rubuta matakala. Takardar 'yan sanda ta ce mace ce da ta gudu. Ta ce, “Wa ya gani?” Na ce mutum ɗaya.

Ba zan iya roƙon Omoni ba. Ɗanta ne. Kuma ita ce ke shafa mini magani a baya in ya fita gona, tana cewa, “Yi haƙuri, yarinyata, yi haƙuri.”

Mutane za su ce in koma ƙasarmu. Mahaifiyata ta rasu bara, bai bar ni na je jana'iza ba. Gidan yanzu na matar wana ne. A nan wata mai wanki da guga ta ce za ta ɗauke ni aiki. Amma ba aikin ne ya fi damuna ba, Agassi. In aka sa ni a jirgi, abin da zai rage a rubuce shi ne na yi sakaci na kashe ɗana a matakala, sannan na gudu.

An sa ranar zaman kotu, sha huɗu ga Maris. Ban san abin da nake nema a wurinki ba. Na dai so wani a gidanku ya sani.

Kunthea

Osaka, 30 ga Nuwamba

Omma,

Ina fatan kin gama haɗa kimci, jiƙon kabejin nan na hunturu, lafiya, kuma wani ya taya ki ɗaukar kabeji. Mu lafiya lau.

Kunthea ta rubuto mini. Da na gama karantawa na ɗauko wasiƙarki ta Oktoba na sake dubawa, sai na zauna a ƙasan kicin. Wace matakala ce a gidanmu, Omma? Dutse biyu ne a bakin baranda, kaza ma tsallake su take. Ni ce fa kike aika wa kantin magani, in mai kanti ya tambaya in ce Omma ta faɗi a matakala. Shekarata bakwai. Kin rubuta mini gaskiya da irin yaren da ni kaɗai zan gane, ni kuma na aiko miki da shawarar mariƙin ƙarfe. Na manta ne saboda na so in manta. Har yanzu kunyar abin da na faɗa a kan yarinyar nan ba ta sake ni ba.

Na yi magana da lauyarta. Ta ce ba lallai a ɗaure Oppa ba, wannan shari'ar aure ce. Abin da ake so kawai ki faɗi abin da kika gani, ki ce ke kika gaya wa likita matakala. Ko a rubuce, ki sa hatiminki. In ba haka ba za su iya fitar da ita daga ƙasar.

Ke babu wanda ya tsaya miki. Duk ƙauyen nan sun ji, suka rufe tagoginsu. Amma ke aƙalla ba wanda ya isa ya ce ki bar ƙasarki. Ita har wannan ake shirin yi mata.

Ki ba ni amsa da wuri.

Hyangsuk

Osaka, 24 ga Janairu

Omma,

Mako takwas ba wasiƙa. Na kira gida sau shida, Oppa ke ɗauka, yana jin muryata ya ajiye. Wannan ta hannun malamar ajinku na aiko ta. Kina da rai? Ya taɓa ki? In ba za ki yi maganar Kunthea ba kada ki yi. Ki rubuto kalma ɗaya kawai in ga hannunki.

Hyangsuk

Uisong, 3 ga Fabrairu

Hyangsuk,

Ina da rai. Mura ce ta kwantar da ni kwana goma, ta tafi. Ƙanƙara ta rufe gonar, tafarnuwa na barci a ƙasa.

Yayanki bai taɓa ni ba. Kin manta shi ke karɓar wasiƙu a hannun mai babur na gidan waya. Ya buɗe taki ya karanta a gabana, ina yankan albasa. Na ajiye wuƙar a bayana. Sai kawai ya durƙusa, ƙaton mutum da furfura, ya kama ƙafata yana kuka. Ya ce, “Omma, ni za ki kai? Ni?” Ya ce bai san ya aka yi ba, ya ce ɗansa ne shi ma ya mutu. Ya ce in kotu ta rubuta shi mai dukan mata ne, da wane ido zai shiga kasuwa.

Ke ba ki san komai ba. Kina da shekara ashirin da shida kika hau jirgi. Shi ya zauna. Shi ya goya babanku zuwa banɗaki shekara uku bayan jikinsa ya shanye, mutumin da ya fasa masa kunne. Babu 'yar ƙasar nan da ta yarda ta auri manomi mai tsohuwa a ɗaki. Kuma tun yana ɗan shekara tara shi ke shiga tsakanina da babanku, ke kina cikin kabad ɗin barguna inda ya ɓoye ki. Rabin dukan da aka yi niyya da ni a bayansa ya sauka. Yanzu daga Osaka kike koya mini wanda zan tsaya wa.

Tunda kina son ji, ga shi. Na gani. Na zo da abincin rana, na ji ƙarar kwando ya kife. Tana ƙasa ta naɗe kamar jatan lande, hannu biyu a kan ciki. Ya shure ta sau uku. Na ƙirga. Fuskarsa ba tasa ba ce, ta babanku ce. Ban yi ihu ba, ban jefar da tiren ba. Na tsaya na jira ya gama, yadda na saba jira. A motar asibiti jininta ya jiƙa siket ɗina, tana riƙe da yatsana. Da likita ya tambaya, bakina ya faɗi matakala kafin ni in yi tunani.

Ba ranar da ba na ganin abin nan. Amma ni na haife shi. Ba zan iya ba.

Ki ƙona wannan takarda da zarar kin karanta.

Uwarki

Osaka, 15 ga Fabrairu

Omma,

Na ga hannunki, na yi barci a karon farko cikin wata biyu. Ki ci gaba da shan ruwan citta.

Duk abin da kika faɗa a kaina gaskiya ne. Na gudu na bar ku. Kabad ɗin ma ban manta ba, har yau ina jin warin ƙwayar maganin asun da ke cikinsa. Ina son Oppa. Shi ya sa na kwana uku da ashana a hannu.

Ban ƙona ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, kuma ba zan yi komai a bayan idonki ba, shi ya sa nake gaya miki tun yanzu. Wasiƙarki da rubutunki ce, ta faɗi duk abin da kotu ke nema. Ranar biyar ga Maris zan aika wa lauyar Kunthea ita. Na san Oppa ba zai sake kallona ba har mu mutu. Wataƙila ke ma. Na ɗauka.

Ya tsare ni ina ƙarama, Omma. Wannan bai sa ɗan da ke cikin Kunthea ya dawo ba.

'Yarki, ko kin so ko kin ƙi,
Hyangsuk

Uisong, 26 ga Fabrairu

Kada ki aika. Ki jira. Na ce ki jira.

Uwarki

Uisong, 9 ga Yuni

Hyangsuk 'yata,

Kina lafiya? Wasiƙunki huɗu suna nan ƙarƙashin matashina, malama ta kawo su duka. Na san kin ɗauka fushi ne ya hana ni amsa, na san kuma lauya ta gaya miki yadda aka ƙare. Ba fushi ba ne. Hannuna ne ya ƙi fensir. Yau na ce ko ya so ko ya ƙi.

Kin rubuta cewa da kika ga “kada ki aika” kin ɗauka na zaɓi yayanki, har kin kai takardar gidan waya kika dawo da ita. Ba haka nake nufi ba. Na yi lissafi ne irin na tsofaffi. Ni saura shekara nawa? In na mutu, ke kaɗai gare shi a duniya. In dole sai ya tsani wani a cikinmu, gara ni. Shi ya sa na sa malama ta kira lauyar, na ce ba takarda zan aiko ba, da ƙafata zan zo.

Ranar zaman kotun na ce wa yayanki asibitin gwiwa za ni. Ya riga ni fita, ya sa kwat ɗinsa na biki. Da aka kira sunana na shigo ɗakin, ya juyo ya gan ni, sai ya yi murmushi, Hyangsuk. Ya ɗauka taimakonsa na zo. Har ya matsa mini wuri a benci.

Alƙaliyar ba ta kai ki shekaru ba. Ta ce a yi magana da ƙarfi saboda kunnena. Ta ce, “Kaka, matakala nawa ce a gidanki?” Na ce biyu. Ta ce surukata ta faɗi a kansu? Na ce a'a, ni na ƙirƙira. Na faɗi sauran kamar yadda na rubuta miki. Lauyansa ya tashi ya ce tsohuwa ce, ba ta ji, ta rikice. Na ce, “Kunnena ne ya mutu, ɗan nan, idona garau yake.” Wani ya yi dariya a baya, ni ban yi ba. Ban kalli Chunbae ba ko sau ɗaya. Na ji dai lokacin da ya tashi ya fita, benci ya motsa.

An rubuta laifin nasa ne. Watan jiya ofishin shige da fice suka ba ta kati, babu sunan kowa a kai sai nata. Tana aikin guga.

Ranar shari'ar ta biyo ni har tashar mota, da wata ma'aikaciyar gidan mafakar. Ta rame, ta yanke gashi. A gaban mutane ta durƙusa har goshinta ya taɓa siminti. Na ce ta tashi, ƙasa da sanyi. Ta ce in ta kama ɗaki in zo mu zauna, za ta riƙa dafa mini. Na ce, “Wa zai cire tafarnuwa?” Ta ce, “Omoni.” Na ce kada ta ƙara kirana haka, yau aka yanke wannan igiya, kuma ban cancanta ba, na tsaya da tire ina ƙirga. Ta ce, “To me zan kira ki?” Sai motata ta zo. In kin san kalmar ki rubuto mini.

Matan zaure sun daina ajiye mini wuri. Ɗaya ta ce a gabana, wai na sayar da ɗan cikina saboda baƙuwa, ta ɗauka ban ji ba. Wannan bai dame ni ba.

Yayanki ya kwashe bargonsa ya koma ɗakin langa-langa da ke gona. Tun Maris bai ce mini uffan ba. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Muna cire tafarnuwa yanzu, shi ya fara daga gabas ni daga yamma, in mun kusa haɗuwa sai ya sake kunya. Malama ta ce an gan shi sau biyu a ajin masu barin giya na cikin gari. Ban sani ba ko gaskiya ne, ba ni da wanda zan tambaya.

Kullum da rana ina kai masa abinci in ajiye bakin ƙofa. Da yamma in ɗauko shi yadda na kai. Na kan zauna a kan kunya in cinye, don kada ya lalace.

Ki rubuta masa. Kada ki ambace ni, kada ki ambaci kotu. Ki tambaye shi farashin tafarnuwar bana kawai. Ba zai amsa ba. Ki sake rubutawa.

Uwarki,
Pyo Jomrye